Amarya a Bayan Injin Wanki

Ranar Juma'ar da ta wuce, da kuka zo wurinmu ku uku kuna neman aikin sa-kai, na ji abin da ɗayanku ya faɗa a bakin ƙofa. Cewa ya yi, wai mutum ya baro Najeriya ya zo Dubai don ya yi wasa da mage, ƙarshen wata kuma a ba shi albashi. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauki aikin lokacin da na zo. Amma tunda yau kun biyo ni har gida, ku sha shayinku in ba ku labari, sai kowa ya yanke wa kansa shawara.

A farkon 2016 na sauka a garin nan. A gida na karanci lafiyar dabbobi, na kuma yi shekara tara ina bin karar shanu ta Wudil da rugagen da ke kewaye. Na kayar da bijimi, na yi wa doki allura, na zaro ɗan maraƙi daga cikin uwarsa da hannun nan. To da aka ce mini asibitin dabbobin da ya ɗauke ni yana da sashen ajiye kyanwoyin da aka tsinto a titi ko aka yasar, kuma can za a sa ni, sai na ji kamar an rage mini girma.

Aikina na farko shi ne in fito da wani muzuru daga keji a auna nauyinsa. Baƙi ne, ya manne a lungu, kunnuwansa sun kwanta. Na buɗe, na zura hannu na cafko shi ta ƙeya yadda nake cafkar ɗan akuya. Ban ma ga lokacin da ya juyo ba. Haƙora huɗu ya nutsa mini a nan, gindin babban yatsa, ga tabon kuna gani. Washegari hannun ya kumbura har wuyan hannu, sai da aka ɗora ni a kan magani. Cizon kyanwa ɗan rami ne mai zurfi, yana rufewa da ƙazanta a ciki. Duk wanda aka ciza a cikinku, kada ya ce zai bari sai gobe.

Wanda ya wanke mini ciwon a ranar shi ne Baba Haruna, tsohon ma'aikacin sashen. Mutumin Sudan ne daga Mai Wurno, jikan Hausawan da suka kama hanyar Makka a ƙafa suka zauna a can. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, ya gauraya ta da Larabci. Yana naɗa mini bandeji ya ce, "Ɗana, da shanu ka saba ko?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "Na gani a tafiyarka. Kana shigowa ɗaki kamar mai kora. Daga gobe ba ka taɓa ko ɗaya. Wanki za ka yi."

Wata uku cur ina wanke keji da kwanuka. Na ɗauka horo ne, ashe makarantar ke nan. A wurin wankin na koyi cewa ana farawa daga kejin jarirai masu lafiya, a ƙare a ɗakin masu mura da gudawa, ba a taɓa juya tsarin, in ba haka ba kai da kanka za ka raba musu cutar da tsummanka. Na koyi cewa maganin wanke ƙasan nan da yake komawa fari kamar madara idan an zuba shi a ruwa guba ne gare su, don suna taka shi su lashe ƙafa. Na koyi karanta kaskon yashin da suke bayan gida a ciki. Kafin ka zubar, ka duba. Kyanwar da ke tsoro ba za ta ci abinci a gabanka ba, ba za ta nuna maka tana ciwo ba, amma yashin zai gaya maka ko ta ci, ko ta sha, ko fitsari ya tsaya mata.

Kayan aikinmu ba su da wani kyan gani. Akwai tarko na waya mai ƙofar da ke faɗowa, na kamo na titi. Akwai safar hannu ta fata mai kauri har gwiwar hannu, wadda sababbin zuwa suke so, Baba Haruna kuwa ya tsane ta, ya ce wanda ya sa ta ya daina jin abin da hannunsa ke yi. Abin da ya fi amfani da shi tawul ne. Babban tawul na wanka, a lulluɓe kyanwa da shi a hankali, a naɗe ta kamar jinjiri, kai kaɗai a waje, sai a duba kunne, a ba da magani, babu wanda ya ji ciwo. Sai kwali. Duk kejin da aka sa sabuwar zuwa, sai an sa mata kwali mai ƙaramar ƙofa da za ta shige ta ɓuya. Sai kuma wani cokalin shayi da ya ɗaure a bakin sandar mopa da zaren roba, na miƙa wa mai tsoro abinci daga nesa. Kullum sai ya rage tsawon sandar da kamar faɗin yatsa biyu. Ranar da sanda ta ƙare, hannunka ne ke riƙe da cokalin.

Sauran kayan aikin a jikinka suke. Ba ka tsaya a kanta, ƙasa za ka zauna. Ba ka fuskance ta, gefe za ka ba ta. Ba ka zuba mata ido, don a wurinta wanda ya kafe ta da ido shirin kama ta yake. In idanunku sun haɗu, ka lumshe naka a hankali ka kau da kai. Na sha shiga na tarar da Baba Haruna zaune a ƙasa, ya jingina da bango, yana jan carbinsa, kamar wanda ba shi da aikin yi. Alhali aikin ke nan yake yi.

Masu zuwa ɗaukar kyanwa kuma su ne rabin wahalar. Larabawa, Indiyawa, Turawa, 'yan Filifin, namu ma jefi-jefi, kusan kowa abu ɗaya yake nema: ƙarama, mai gashi, wadda za ta hau cinyarsa a ranar. Na tuna wani mutum da ya zo da 'ya'yansa huɗu, suka zaɓi wata fara mai kunya don kyanta kawai. Na ce masa ya ba ta ɗaki ɗaya ita kaɗai na mako biyu, kada yara su jawo ta daga maɓoyarta. Ya ce, "Inshallah, inshallah, yalla," wato dai in yi sauri in ba shi. Kwana uku ya dawo da ita a cikin kwandon wanki, wai ba ta da tarbiyya. Sai da muka yi wata biyu kafin ta sake yarda ta ci abinci da rana. Tun daga nan na koyi ce wa mutum a'a. Gara mutum ya fita yana fushi da ni da ya fita da dabbar da zai dawo da ita ta fi da lalacewa.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce 2020, shekarar korona. An rufe gari, ba ka fita sai da takardar izini a waya. Mutane suka rasa ayyukansu, kowa na neman jirgin da zai mayar da shi ƙasarsu. Wasu suna kawo mana kyanwoyinsu suna kuka. Wasu kuwa a bakin ƙofarmu muke tarar da akwati da safe, ko takarda babu. Keji ya cika har muka jera wasu a baranda. An sallami rabin ma'aikata. Baba Haruna kuma, saboda shekaru da ciwon suga, aka ce ya zauna a gida. Sai na wayi gari ni ne babba a sashen.

Ana saura 'yan kwanaki a fara azumi, maigadin wani bene a Al Muraqqabat ya kira mu. Ya ce mazauna wani fulat sun tashi fiye da mako guda, ya shiga don ya share, ya ji wani abu yana motsi a ƙasan kabad. Na je da tarko da tawul. Gidan fayau, ba komai sai wari da wani bokiti mai ɗan ruwa a banɗaki, wanda na tabbata shi ya raya kyanwar. Na kwanta rub-da-ciki na haska fitilar waya. Ruwan toka ce, ta rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Ba ta yi gurnani ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai tura fuskarta cikin kusurwa ta sandare. Irin wannan ta fi mai faɗa wuya, don mai faɗa tana da sauran ƙarfin zuciya.

Da likitarmu ta duba ta sai ta kira ni ta nuna mini ƙafafunta na gaba. An cire mata farata gaba ɗaya, tun daga tushe, aikin da wasu ke sa a yi don kada kyanwa ta yage musu kujera. Wannan ya rufe mata duk wata hanya. Kyanwar da ta ƙi mutum, mukan yi mata aikin hana haihuwa mu mayar da ita unguwarsu, ko mu kai ta wata gona a garin Hatta inda mai gonar yake karɓa su kama masa ɓera. Amma wadda ba ta da farce ba ta iya hawa bango, ba ta iya kare kanta. Ga shi kuma duk wanda ya matso, tunda ba farce, haƙori take sawa.

Likita ta ce, "Tanimu, ba ni da kejin da zan ba ta wata uku. Hayaniyar nan ma kashe ta za ta yi. In ba wanda zai riƙe ta a gida, ka san abin da ya rage."

Na san allurar da take nufi. Na ce ta ba ni kyanwar.

Ɗakinmu a Abu Hail shi ne wannan da kuke zaune, ɗaki ɗaya da ɗan kicin da banɗaki. Matata Hadiza ba ta cika shekara da zuwa ba a lokacin, kuma ba ta son kyanwa ko kaɗan. Da ta ga akwatin a hannuna ta ce, "Malam, aikin ne ya biyo ka gida?"

Na ce, "Baƙuwa ce, ta 'yan kwanaki."

Ta ce, "In dai ba za ta hau mini gado ba."

Na shirya mata kwali da yashi da ruwa a kusurwar kicin, na buɗe akwatin. Ko kallon kwalin ba ta yi ba. Ta ja ciki ta shige bayan injin wanki, wani ɗan tsukin da ko hannuna ba ya shiga sosai. Na cire wayar injin daga bango, na gaya wa Hadiza ba za a kunna shi ba sai ta fito da kanta. Hadiza ta dube ni, ta dubi tulin wankin da ke kwando. Mako biyar muna wanki da hannu a banɗaki. Kullum na dawo daga aiki sai ta ce, "Amaryarka dai har yanzu ba ta fito ba." Daga nan sunan ya bi ta.

Kwana uku na farko ruwa kawai take sha. Abincin gwangwani, busasshen abinci, dafaffiyar kaza, duk da safe sai in tarar da su yadda na ajiye. Wannan ba abin wasa ba ne, don kyanwa in ta jera kwanaki ba ta ci ba hantarta ke lalacewa, ga ta kuma dama a rame. Hanya ɗaya da na sani ita ce in janye injin, in kama ta da tawul, in ɗura mata da sirinji. Amma in na yi haka, na nuna mata cewa nan ɗin ma ba wurin tsira ba ne. Na kira Baba Haruna.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Sau nawa kake leƙa ta a yini?"

Na ce, "In ina gida, kusan kowane lokaci, Baba."

Ya ce, "To kai ne ciwon. Halas, ya isa haka, ka daina. Ka ba ta zuwa gobe da magariba. Ka nemo abu mai ƙamshi sosai, ka ɗumama shi, ka ajiye ka fita. In ba ta ci ba, sai sirinji, ba yadda za mu yi."

Washegari muna cikin azumi. Da la'asar Hadiza ta shiga kicin za ta haɗa miyar buɗa-baki. Tana da sauran bandar tarwaɗa da ta zo da ita daga gida, tana tattalinta kamar zinare, don jirage sun tsaya, ba a san ranar da wani zai sake zuwa da ita ba. Ta jiƙa guda a ruwan zafi, tana ɓare ƙaya, ta sa rediyon Hausa a wayarta ƙasa-ƙasa. Ni ina ɗaki, na hana kaina shiga. Can sai na ji ta kira ni da wata irin murya, kamar mai tsoron tada jariri.

"Malam, kada ka shigo. Tsaya a nan. Ta fito da kai."

Na ce, "Kada ki kalle ta."

Ta ce, "Ni da ma yaushe na taɓa kallonta?"

Na ce ta ɗauraye ɗan guntun kifin, ta tabbatar ba ƙaya, ta sake shi ƙasa kusa da injin, ta ci gaba da aikinta. Ta yi haka. Daga bakin ƙofa na ga ƙafa ɗaya ta fito ta ja kifin ciki. Bayan ɗan lokaci ta sake fitowa. Rannan miyarmu ba ta ga kifi ba. Da na gaya wa Baba Haruna sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Alhamdulillahi. Matarka ta fi ka iya aikin, don ita ba ta son komai a wurinta. Ka bar mata."

Haka kuwa aka yi. Ni da na yi shekara huɗu ina koyo na koma mai haɗa abinci da kwashe yashi. Muka riƙa gauraya kifin da abincin gwangwani, muna rage kifin a hankali har ta saba. Na kawo cokalin Baba Haruna mai sanda, Hadiza ta gwada shi sau biyu ta ajiye, ta ce ita ba za ta iya wannan bidi'ar ba. Nata salon shi ne ta zauna a kan 'yar kujera tana yankan albasa ko tsince shinkafa, tana yi wa kyanwar hira ba tare da ta waiwaya ba, labarin 'yan'uwanta na Bichi, da tsadar tumatir, da ƙorafin wankin hannu. Kafin Sallah Amarya ta fara fitowa ta zauna a ƙarƙashin kujerar. Bayan Sallah da kamar mako biyu, ina cin abinci, na ga ta goga kumatunta a ƙafar Hadiza ta wuce. Hadiza ta daskare da wuƙa a hannu. Ta ce, "Me wannan yake nufi?" Na ce, "Alama ta sa miki, wai ke tata ce." Ni sai da aka ƙara wata guda kafin ta bari na taɓa ta, shi ma a ƙeya kawai, sau biyu, ta tashi.

Ga abin da ba a gaya wa masu sha'awar aikin nan. Riƙo ba mallaka ba ne. In ka riƙe wadda ta warke, ka toshe wurin wadda ke jira, kuma a shekarar masu jira sun fi ƙarfin lissafi. Da damina ta ja a gida, a nan kuma zafi ya fara sauƙi, na sa hotonta a cikin waɗanda ke neman gida. Mutum uku suka nema, na hana. Ta huɗu ita ce Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Kagoro, wadda ta yi watannin koronar nan a ɗakin masu cutar, tana zaune ita kaɗai. Da ta zo ganin ta, Amarya ta shige ƙarƙashin gado. Sista ba ta durƙusa ta leƙa ba. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa ta ce, "Ku bar ta. Ni ma in na dawo daga aiki ba na son a yi mini magana." Hadiza ta dube ni, na dube ta.

Muka amince ta tafi da ita. Hadiza ce ta haɗa wa Amarya kaya, har da tsohon zanenta da kyanwar ke kwanciya a kai. Kwana tara bayan nan Sista ta kira, muryarta duk ta karaya, ta ce har yanzu ba ta fito daga ƙarƙashin gado ba, ko dai a dawo da ita ne? Kafin in buɗe baki Hadiza ta karɓe wayar. "Sista, tana ci? Tana shiga yashi? To me kike nema kuma? Ki daina leƙa ta. Ki yi girkinki, ki yi waƙoƙinku na coci, ki manta da ita."

A ƙarshen shekarar Baba Haruna ya ajiye aiki ya koma Mai Wurno. Ya bar mini tawul ɗinsa da cokalin. Duk abin da nake ci a garin nan ta hannun mutumin nan Allah ya ba ni, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Har yanzu in abu ya cije mini shi nake kira.

Da Kirsimeti Sista ta gayyace mu cin abinci. Hadiza ta yi kwalliya, tun a mota take cewa ko Amarya za ta gane ta. Muka yi sallama muka shiga. Amarya tana kwance a tsakiyar falo, ta yi ƙiba, gashinta yana sheƙi. Tana jin baƙin takalma ta zabura. Na ɗauka ƙarƙashin gado za ta nufa. Sai ta yi tsalle ta haye cinyar Sista, ta cusa kanta a hammatarta, ta lafe.

Hadiza ta tsaya da kular abinci a hannu. Ta ce, "Malam, ko kallona ba ta yi ba."

Na ce, "Ki dubi inda ta gudu."

Ta duba. Sai ta ajiye kular a hankali, ta zagaya ta zauna a kujerar da ta fi nisa, ta rage murya ta ce wa Sista kada ta tashi, ita za ta zuba wa kowa. Sista Rifkatu da hannu ɗaya ta ci shinkafarta a ranar, har muka yi sallama ba ta motsa ba.